Jinyar Taɓin Hankali Ba Tare Da Kwanciya A Asibiti Ba

Mutane da yawa na zaton duk wanda aka kai asibitin masu taɓin hankali sai an ba shi gado. Ba haka abin yake ba. A asibitocin Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano da Kware a Sakkwato, akasarin marasa lafiya zuwa suke yi su ga likita, su karɓi magani, su koma gida da ranar dawowa a kati. Kwanciya sai ciwo ya tsananta, ko ana tsoron mutum ya cutar da kansa.

Tsarin ya daɗe a Najeriya. A 1954 Dakta Adeoye Lambo ya zaunar da majinyata tare da danginsu a ƙauyukan da ke kusa da asibitin Aro a Abekuta, suna zuwa jinya da rana.

Inda majinyata suka fi kuka shi ne kuɗin mota, tsadar magani da dogon layi. Wasu kuma da zarar sun ji sauƙi sai su ajiye maganin, ciwon ya dawo. Dangi, ku riƙa raka su asibiti, kuma kada a daina magani sai likita ya ce.