Ragowar Nama Ba Abin Zubarwa Ba Ne: Soyayyar Taliya A Matameye

Kowace shekara, idan sallar layya ta wuce, matan Matameye sukan shiga wata damuwa wadda ba a cika faɗarta ba. An yanka rago, an yi rabo, an yi suya, an yi dambu, amma bayan kwana uku yara sun fara ture kwano, nama kuwa yana nan cikin tukunya yana jiran ya sake. Magidancin da ya yi watanni yana tara kuɗin rago ba zai so ya ga an watsa wa karnuka guminsa ba.

Mutanen ƙasar Sin suna da wata dabara mai maganin wannan. Suna kiranta cau min, ma'anarsa soyayyar taliya. Ƴan ci-rani daga lardin Kanton ne suka kai ta Amurka cikin ƙarni na 19, daga nan ta bazu duniya. A can sau da yawa da naman alade ake yin ta, wanda Musulunci ya haramta, amma dabarar ba ta rataya ga irin naman ba: na rago, na akuya ko na kaza duk suna yi.

Sauran kayan haɗin kuwa ba baƙi ba ne a ƙasar Kance. Tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta ƙarfafa noman rani, garake da fadamun Korama suke ba da albasa, shu, karoti, tattasai da tumatir, banda raken da aka san yankin da shi. Man gyaɗa na gida ne, taliyar murji kuma mata sun daɗe suna yin ta.

Ga yadda ake yi. A tafasa taliya kamar minti 5, a tsame ta tun ba ta yi luguf ba, a tace, a ɗiga mata mai don kada ta cure. A yanka nama siri-siri, kayan lambu ma haka. A ɗora kasko mai faɗi bisa wuta mai ƙarfi, mai ya yi zafi sosai, sannan a zuba albasa, tafarnuwa da citta. Naman ya biyo baya, ana juyawa har zafi ya ratsa cikinsa. Tun da dafaffe ne, daɗewa bisa wuta tauri kawai za ta ƙara masa. Sai karoti da shu, su sha wuta kaɗan su fito da sauran ƙarfinsu. Taliya ita ce ta ƙarshe. Sinawa da ruwan waken suya mai gishiri suke ɗanɗana tasu; a nan dakakkiyar daddawa da gishiri da ɗan ruwa sun wadatar. Duka aikin bai kai rabin awa ba, itacen da yake ci kuma bai kai na tuwo ba.

Sai dai akwai gargaɗi. Cikin watannin Afirilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40 a jihar Damagaram. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba sanyi, idan kuma za a ɗumama shi, ya yi zafi har ciki. Gidan da babu firigo, sai a soya nama ya bushe ƙayau, a rufe shi cikin kitsensa, kamar yadda iyaye suka saba. Wanda ya fara wari ko yauƙi kuwa, babu yajin da zai gyara shi, wuta ma ba ta kashe dafin da wasu ƙwayoyin cuta suka riga suka zuba. Gudawa da amai sun fi saurin kayar da yara da tsofaffi, kuɗin magani kuma ya ninka na naman.

Saboda haka uwargida ta duba, ta sansana, kafin ta ɗora kasko. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.