R. W. Davies da tarihin masana'antu: daga Rasha zuwa Bompai

A shekarar 2018, wani dattijo ɗan Ingila da ya haura shekara 90 ya ga fitowar juzu'i na bakwai, kuma na ƙarshe, na littafinsa kan yadda Tarayyar Sobiyat ta kafa masana'antunta. Juzu'in farko tun 1980 ya fito. Sunansa Robert William Davies, haifaffen Landan a 1925, wanda ya yi kusan dukkan rayuwarsa ta koyarwa a Jami'ar Birmingham, har ya shugabanci cibiyarta ta nazarin Rasha da Gabashin Turai.

Davies ba labarin fadar Stalin, shugaban Tarayyar, ya sa a gaba ba. Shi dai a ba shi kasafin kuɗi, da lissafin ƙarfe da kwal da hatsi. Da wannan gwanintar ya taya masanin tarihi E. H. Carr rubuta wani sashe na babban tarihinsa na Rasha, wanda ya fito a 1969. Da aka buɗe rumbunan takardun Mosko bayan rushewar Tarayyar a 1991, sai ya dira cikinsu, ya auna abin da ya rubuta a baya da abin da gwamnati ta ɓoye.

Nan ne ya taɓo inda ke ciwo. A littafin da suka fitar tare da masanin tarihi Stephen Wheatcroft a 2004, sun ƙiyasta cewa yunwar da aka yi a Tarayyar a farkon shekarun 1930 ta ci rayuka miliyan 5.5 zuwa 6.5. Sun ɗora alhakin kan miyagun manufofin Stalin na tatsar manoma don ciyar da masana'antu, amma ba su yarda cewa kisan ƙare dangi aka shirya da gangan ba. Masana da dama, musamman a Yukiren, har yau ba su gamsu ba. Davies ya rasu a 2021.

To, ina ruwan Bakano? Bompai da Sharada da Challawa su ma sun yi zamaninsu na masaƙu da majemu da kamfanonin man gyaɗa, kafin tsarin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986 da rashin lantarki da yadin waje su durƙusar da da yawansu. Paul Lubeck, Ba'amurke, ya yi littafi kan leburorin kamfanonin Kano a 1986, wato kafin guguwar ta gama kaɗawa. Tsofaffin ma'aikata suna nan da ransu, amma takardun albashi da na ƙungiyoyin ƙwadago gara ke ci. Ya kamata sashen tarihi na Jami'ar Bayero ya tura ɗalibansa su tattara su tun yanzu, domin da irin waɗannan takardu Davies ya rubuta tarihin masana'antun Rasha.