Kafin ka aika gem ɗin RPG gida Gombe, ko ka saya wa kanka: ga abin dubawa

Duk wanda ke neman kuɗi a Legas, Ibadan ko Fatakwal ya san irin saƙon da ƙanne ke turowa idan Sallah ta matso: "Yaya, in za ka taho ka shiga Alaba ko Computer Village ka riƙo mana faifan gem." Da can ƙwallo kawai ake nema, FIFA ko PES. Yanzu samarin Pantami, Jekadafari da Tudun Wada sun fara ambaton sunaye irin su Witcher, Elden Ring da Final Fantasy, saboda abin da suke gani a YouTube da TikTok. Waɗannan su ake kira RPG, kuma sun sha bamban da ƙwallo ta kowace fuska. Wanda bai san bambancin ba zai iya zuba kuɗi a abin da za a buga kwana biyu a jefa ƙarƙashin gado.

RPG wasa ne da kake zama mutum guda a cikin dogon labari. Kana farawa ba ka da komai, sai ka riƙa yawo gari-gari, kana karɓar aiki, kana faɗa, kana tara kuɗi da makamai, ƙarfinka na ƙaruwa. A wasu ma abin da ka zaɓa ka faɗa wa mutane shi ke sauya ƙarshen labarin. Wasan ƙwallo minti goma ne a tashi. Shi kuwa The Witcher 3, wanda wani kamfanin Poland ya fitar a 2015, ainihin labarinsa kaɗai yana cin wajen awa 50, in ka bi ƙananan ayyukan gefe sai ya haura awa 100.

To a nan ribar take. Faifai ɗaya zai riƙe mutum wata da watanni. Kuma ba ya tsufa kamar ƙwallo, da kowace shekara sai an fitar da sabo saboda 'yan wasa sun canza kulob. Skyrim tun 2011 ya fito, har yau ana buga shi. Yawancinsu ba sa bukatar intanet yayin bugawa, ba sai ka biya kuɗin PlayStation Plus ba. Sannan yaron da ke bin labarin da gaske Turancinsa na ƙaruwa, domin dole ya karanta abin da aka ce ya yi, ya duba taswira, ya yi lissafin abin da zai saya da abin da zai bari.

Amma fa sayen gem kamar sayen sa ne a kara. Kuɗin da ka miƙa wa dillali ba shi ne ƙarshe ba, akwai mota, akwai dusa, akwai magani.

Na farko kuɗin faifan. Manyan sababbin gem na PS5 dala 70 ake sa musu, sai ka buga da canjin yau ka gani. Shagon PlayStation na intanet ba shi da sashen Najeriya, shi ya sa ake buɗe asusu da adireshin Amurka ko Ingila, a sayi katin kuɗi na can. A kula: katin Amurka ba ya shiga asusun Ingila, kuma ƙarin labarin da ake saya daga baya sai ya dace da yankin da faifan ya fito. Wanda zai sayi na hannu ya duba bayan faifan a haske, ya sa a gwada a gabansa. Ka kuma tambayi irin na'urar da ke gida. Akwai PS5 da ba ta da wurin sa faifai kwata-kwata, kuma faifan PS5 ba ya aiki a PS4, ko da yake yawancin na PS4 suna aiki a PS5.

Na biyu data. Ko faifai ka saya, sau da yawa sai an sauke gyara daga intanet. Baldur's Gate 3 na 2023 ya haura gigabait 100. Kada kuma a yi rawar jiki a sayi gem ranar da ya fito. Cyberpunk 2077 ya fito a Disamban 2020 cike da matsala a PS4, har Sony ta cire shi daga shagonta, ba ta mayar ba sai Yunin 2021. Wanda ya jira ya samu gyararre kuma da araha.

Na uku wuta. PS5 tana jan kusan wat 200 lokacin wasa, ban da talabijin da fanka. A ƙwallo in an ɗauke wuta wasa ɗaya ka rasa. A RPG in aka ɗauke ana tsakiyar ajiye inda ka tsaya, aikin makonni na iya lalacewa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, tada janareta don wasan awa huɗu ba ƙaramin abu ba ne. Gidan da ba sola ko inbata, a yi wannan lissafin tun kafin a saya.

Na huɗu, wanda ya fi muhimmanci ga mai aika wa ƙanne, shi ne abin da ke ciki. A jikin kwalin akwai lamba: 3, 7, 12, 16 ko 18 a na Turai, ko harafin E, T, M a na Amurka. Ba ado ba ne, shekarun mai wasa ake nufi. Witcher 3 na 'yan 18 ne, akwai tsiraici da zubar da jini ƙarara. Ba abin da za a kunna a falo gaban Hajiya da yara ba ne. Galibin RPG kuma cike suke da tsafi, bokaye da gumakan da marubutan suka ƙirƙira. Kowa ya san gidansu, ya san abin da za a lamunta. Ka buɗe YouTube ka kalli minti ashirin na ainihin wasan, ba tallarsa ba, kafin ka ciro kuɗi.

Sai lokaci. An gina waɗannan wasanni ne yadda kullum akwai "saura kaɗan in gama wannan". Elden Ring na 2022 ko maɓallin dakatarwa na kai tsaye ba shi da shi, in an kira sallah kana tsakiyar faɗa, sai dai ka zaɓa. Ga shi da wahalar tsiya, sabon shiga zai iya mutuwa sau talatin a hannun dodo ɗaya. Yaron da ke shirin WAEC ko JAMB, a bari sai ya ajiye biro.

Masu niyyar buɗe wa ɗan'uwa gidan gem a Bolari ko Herwagana, ku sani RPG ba ya kawo ciniki. Kuɗin gidan gem daga mutum biyu yake fitowa, su biya, su buga, wanda aka ci ya tashi. RPG mutum ɗaya ne zai riƙe hannu ɗaya da talabijin ɗaya yini guda. Nan ƙwallo da Mortal Kombat ne kasuwa.

Saboda haka ka yi wa kanka, ko wanda za ka aika wa, tambaya huɗu: wace na'ura ce a gida, wuta awa nawa ake samu, shekarunsa nawa, kuma yana jin Turancin da zai bi labari? In amsoshin sun yi daidai, fara da tsohon gem na PS4 na hannu, mai sauƙin kuɗi, ko ma a ara wurin aboki a gwada mako guda. In ya karɓe shi, sai a ƙara. In bai karɓe shi ba, asarar kaɗan ce, kuma faifai ana iya sayarwa ko a yi musaya, abin da ba ya yiwuwa da wanda aka saya ta intanet.