Yadda Sankarar Mama Ke Yaɗuwa a Jiki

Uwargida, ƙwayoyin halittar jikinki ba sa barin wurinsu sai an kira su. Idan kika ji rauni, wurin yakan fitar da wasu sinadaran furotin, su ne saƙon da ke jawo ƙwayoyin da za su haɗe shi. Abin takaici, ƙwayar sankara ma tana amsa irin wannan kira.

A shekarar 2001 masu bincike suka nuna cewa huhu, hanta, ɓargon ƙashi da kaluluwa suna fitar da wani furotin mai suna CXCL12. Ƙwayoyin sankarar mama suna ɗauke da abin da ke kama shi, don haka idan suka ɓalle daga nono, can suka fi nufa. Shi ya sa muke taɓa hammata idan muna duba nono.

Lokacin ciki da shayarwa nono yana cika ya yi tauri, sai a ce ai ruwan nono ne ya daskare. Sau da yawa hakan ne. Amma kullutun da ya kai mako 2 bai baje ba, ki nuna mana ranar awo, kada ki jira haihuwa ko yaye. Sikanin nono ba ya cutar da jariri. Maigida, a daure a kawo ta da wuri.