Masu Ciwon Hanta da Fafutukar Neman Haƙƙinsu

Ƙwayar cutar hanta takan zauna a jikin mutum shekara ashirin ko talatin bai sani ba. Sai ranar da ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, a ce shawara ce ko sammu, a shiga jiƙe-jiƙe, alhali hantar ta riga ta ƙeƙashe ko sankara ta kama ta. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya nuna cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da nau'in B, miliyan 50 kuma nau'in C, kuma su biyun sun ci rayuka miliyan 1.3 a wannan shekarar kaɗai. A Nijeriya, binciken ƙasa na 2018 ya sami nau'in B a jinin kashi 8.1 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64.

Duk da wannan ɓarna, cutar ta daɗe ba ta cikin lissafin gwamnatoci. Waɗanda suka shigar da ita su ne majinyatan da kansu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yadda aka faro

Charles Gore, ɗan Ingila da ya yi fama da nau'in C, yana cikin waɗanda suka kafa Ƙawancen Yaƙi da Ciwon Hanta na Duniya a 2007, wanda ya haɗa ƙungiyoyin majinyata daga ƙasashe da dama. Su suka fara keɓe ranar tunawa da cutar a duniya baki ɗaya a 2008. Suka yi ta bin ministocin lafiya har Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince a 2010, aka tsayar da 28 ga Yuli, ranar haihuwar Baruch Blumberg, masanin da ya gano ƙwayar nau'in B. A 2016 ƙasashe suka ɗauki alkawarin kawar da barazanar cutar zuwa 2030. A 2022 kuwa Danjuma Adda, ɗan jihar Taraba mai ɗauke da nau'in B, ya zama ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙawancen.

Abin da suke nema

Na farko shi ne magani a farashin da talaka zai iya. Da maganin sofosbuvir ya fito a Amurka a 2013, an sa wa shan mako 12 kuɗi dala 84,000, wato dala dubu kowace ƙwaya. Ƙungiyoyin majinyata da na likitoci suka yi zanga-zanga, suka ƙalubalanci haƙƙin mallakar maganin a ƙasashe da yawa. Masar, wadda nau'in C ya yi wa katutu, ta ƙi ba kamfanin da ya fito da maganin wannan haƙƙi, masana'antunta suka riƙa sarrafa shi da araha. Daga 2018 ta gwada jinin mutum fiye da miliyan 50, ta yi wa masu cutar magani kyauta. Nau'in C yanzu yana warkewa sarai. Nau'in B bai da maganin da ke kawar da shi tukuna, amma tenofovir yana danne ƙwayar ya kare hanta. Matsalar ita ce majinyata da yawa a ƙasashenmu daga aljihunsu suke sayensa, wata bayan wata.

Na biyu shi ne mutunci. A Sin, an daɗe ana hana masu nau'in B aikin gwamnati da gurbin karatu. A 2003 wani matashi, Zhang Xianzhu, ya kai ƙara kotu bayan an hana shi aiki saboda sakamakon gwajin jininsa. Ƙararsa ta buɗe ƙofa ga wasu, har a 2010 gwamnati ta haramta wannan gwaji wajen ɗaukar ma'aikata da ɗalibai. Hujjar masu ƙarar mai ƙarfi ce: nau'in B da na C ba a ɗaukarsu ta musafaha ko cin abinci a kwano ɗaya. Ta jini suke bi, kamar allura ko askar wanzami da ba a tsabtace ba, da saduwa, da kuma daga uwa zuwa jariri lokacin haihuwa.

A nan gida

A 2024 jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na ciwon hanta. Gwaji alheri ne, amma in aka miƙa wa mutum takarda ba bayani, sai a fasa auren da bai kamata a fasa ba. Idan ɗaya yana da nau'in B, allurar rigakafi tana kare ɗayan. Jaririnsu kuma a yi masa allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, domin kusan tara cikin goma na jariran da suka kamu sukan zauna da cutar iya rayuwarsu. Inda mata da yawa ke haihuwa a gida, wannan allura takan wuce su.

Saboda haka majinyaci ya san haƙƙinsa: a yi masa bayanin sakamakonsa da harshen da yake ji, a rufa masa asiri, a gaya masa ko yana buƙatar magani yanzu ko bibiya kawai, a gwada iyalinsa. Mutum ɗaya in ya nemi waɗannan a asibiti ana iya sallamarsa da haƙuri. Ƙungiyar majinyata mai rajista, da ke zama da kwamishinan lafiya lokacin tsara kasafin kuɗi, dole a saurare ta.