Rigar Mamman Shata

'Yan'uwa ɗalibai, ina so in ɗan yi muku bayani a kan tufafin Alhaji Mamman Shata Katsina, wanda ya rasu a 1999. In zai fito waƙa yakan sa babbar riga da hula. Irin wannan riga aikin mutum uku ce: maɗinki ya yanka ya haɗa, mai zane ya fitar da aska biyu ko aska takwas, mai allura ya bi da zare, wata da watanni. Shi ya sa in sarki ya tuɓe tasa ya ba mawaƙi, ba ƙaramar kyauta ba ce. Yau keken ɗinki ya karɓe yawancin aikin, har a Dutse Alhaji. To, in mun fita koyarwa, mu koya wa yara ɗinkin hannu, kada ya ɓace.