Da a Rano da Kibiya za a yi jarrabawar zama ɗan ƙasa

A Amurka, baƙon da ke neman zama ɗan ƙasa ba ya samun takardar sai ya zauna gaban jami'in shige da fice an yi masa tambayoyi baki da baki a kan tarihin ƙasar da tsarin mulkinta. Tun daga 2008 tambayoyi 100 ake ba shi ya karanta, a yi masa 10 ya ci 6. A Oktoban 2025 aka mai da su 128, a yi masa 20 ya ci 12. Ba wasu tambayoyi ba ne masu tsauri. Yaushe aka ayyana 'yancin kai? 4 ga Yuli, 1776. Yaushe aka rubuta tsarin mulki? 1787. Sanatoci nawa ne? 100. 'Yan majalisar wakilai fa? 435. Akwai kuma wadda ta fi ba ni sha'awa, wato a ce da mutum ya faɗi sunan wakilin mazaɓarsa.

Mai karatu na iya cewa ina ruwanmu. Ruwanmu kuwa shi ne, a 1979 muka ajiye tsarin firaminista da muka gada daga Ingila muka ɗauko na shugaba mai cikakken iko irin na Amurka, da majalisu biyu, kuma a kansa tsarin mulkin 1999 ya ɗora. Mun ɗauko ginin, amma ba mu ɗauko al'adar tilasta wa kai sanin ɗakunansa ba. Don haka nake tunanin yadda za ta kaya in aka shirya irin wannan jarrabawa a ƙasar Rano.

Ɓangaren tarihi ba zai ba mutumin Rano wuya ba. Ya san garinsa na cikin Hausa Bakwai tare da Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Biram. Ya san ana yi wa sarkinsa kirari da Autan Bawo, kuma a rabon ayyukan da labarin kaka da kakanni ya yi wa 'ya'yan Bawo, Kano da Rano su ne sarakunan baba, saboda rini. Wannan ilmi a zaure aka koya masa, ba a aji ba, domin darasin tarihi kansa ya yi shekaru fiye da goma ba ya cikin manhajar firamare kafin a fara mayar da shi.

Inda za a fara inda-inda shi ne in aka tambaye shi: wa ke da ikon kafa masarauta ko rushe ta? Alhali kuwa ba wanda ya ga amsar da idonsa kamar shi. Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga darajar Sarkin Rano a 1981, Sabo Bakin Zuwo ya soke a 1983. A Mayun 2019 gwamnatin Ganduje ta kafa masarautun Rano, Gaya, Ƙaraye da Bichi, aka ba Tafida Abubakar Ila sandar Rano. Da ya rasu a Mayun 2020 sai Hakimin Kibiya, Kabiru Muhammad Inuwa, ya gaje shi. Ranar 23 ga Mayu, 2024 Majalisar Dokokin Jihar Kano ta soke dokar, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu. A Yulin shekarar aka sake kafa Rano a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Rano, Bunkure da Kibiya a ƙarƙashinta, aka naɗa Muhammad Isa Umaru. Ba ina nan don in ce wane ya yi daidai ba. Abin lura shi ne tsarin mulkin 1999 bai ware wa sarakuna wani aiki ba, kuma duk abin da ya faru a 2019 da 2024 ta hannun 'yan majalisa 40 ya bi, waɗanda da yawanmu kan jefa wa ƙuri'a ba tare da mun dubi ko sunansu ba, tunda dai jam'iyyar gwamna suke.

Haka abin yake a ƙaramar hukuma. Sashe na 7 na tsarin mulki ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe ta, Jadawali na Huɗu kuma ya zana ayyukanta: kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, maƙabartu, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da sa hannu a harkar firamare da kiwon lafiya. Ke nan rumfar kasuwar da ta rushe a Kibiya ba maganar Abuja ba ce, ba kuma ta fada ba. Ta shugaban ƙaramar hukuma ce da kansilan mazaɓa. Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta riƙon kantomomi. To amma hukunci ba ya bin sawun kuɗi da kansa. Sai an samu malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da ya san nawa ya shigo a wata, ya kuma san yana da hurumin tambaya.

A nan ne nake ganin laifin namu, mu da muka yi boko. Akwai cikinmu wanda zai lissafo maka jihohin da ke raba gardama a zaɓen Amurka, amma bai san Rano da Bunkure da Kibiya mazaɓa ɗaya ce cikin 24 da Kano ke da su a Majalisar Wakilai ba, balle ya san Sashe na 69 ya ba masu zaɓe damar yi wa wakilinsu kiranye.

Shawarata ga ƙungiyoyin ci-gaban Rano da na Kibiya, da ɗaliban yankin da ke manyan makarantu, ita ce su zauna su tsara nasu tambayoyin da Hausa, ko da 50 ne, rabi tarihi rabi tsarin mulki, a buga a raba wa sakandare da makarantun Islamiyya da azuzuwan yaƙi da jahilci. Tambayar farko ta zama sunan kansilan mazaɓar mai amsawa da inda ofishinsa yake.